Baba da Masu Tallan Kwamfuta

Tun ranar da yayana ya karɓi makullin shago daga hannun Baba, Baba ya fara maganar komawa gida. Gida a bakinsa Maradi ke nan. Ni kuwa a unguwar Treichville, nan birnin Abidjan, aka yanke mini cibiya, a nan na yi rarrafe, a nan aka ɗaura mini aure, kuma duk zuwan da na taɓa yi Maradi da zazzaɓi nake dawowa. Saboda haka in ya ce gida, abin da kunnena ke ji shi ne za a raba ni da shi. Lokacin Inna ba ta daɗe da rasuwa ba. Ban shirya rasa shi ba shi ma, ko da kuwa da ransa da lafiyarsa zai tafi.

Baba ɗan kasuwar atamfa da shadda ne a babbar kasuwar Adjamé tun kafin a haife ni. Kullum da sassafe zai fito daga gidanmu na unguwar Arras, ya shiga woro-woro, ƙananan tasin nan da ake cusa mutane a ciki har ƙofa ta ƙi rufuwa, ya haye gada, ba za a sake ganinsa ba sai magariba. Gwiwa ce ta fara ba shi kunya, ido ya biyo baya, daga baya likita ya gano ciwon sukari. Shagon kuma a saman bene yake. Ranar da jiri ya kwashe shi a tsakiyar matakala da bandir ɗin shadda a kafaɗa, Yaya ya ce shi ke nan, Baba ya gama hawan benen nan. Gaskiya ce da shi, amma ni ban saba ba Yaya gaskiya a gabansa ba, don haka sai da muka yi cacar baki har matarsa ta shiga tsakani.

Baba ya koma zaman falo. Ga rediyo, ga carbi, ga ƙofa yana kallo. Kullum in na taso daga gidan aurena a unguwar Belleville da kwanon kununsa, kafin ma in ajiye zai ce, "Auta, bayan Salla zan koma gida." Auta yake ce mini, don ni ce ƙarama. In na ce masa, "Haba Baba, wa ka sani a can yanzu? Kowa ya bar gida ai gida ya bar shi," sai ya ce ƙanensa yana nan, kuma ƙasa ba ta mantuwa. Daga nan sai ya sha kununsa kamar bai ce komai ba, ni kuma in wuni da abin a raina.

To, ni ce mai ilimin kwamfuta a gidanmu, ba yabon kai ba. Na taɓa riƙe shagon intanet kusa da tashar motar Gare de Bassam, irin wanda muke ce wa siber a nan, inda ɗalibai da masu neman biza ke biyan kuɗin awa su zauna. Wayoyin hannu ne suka kashe mana kasuwa. Da na rufe shagon na sayar da komai sai na'ura guda ɗaya, tsohuwa mai nauyi, wadda fankarta ke huci in ta yi zafi. Mu ordinatar muke ce mata. Maigidana, da yake Bakano ne, kwamfuta yake cewa, kuma tun da ina fatan rubutun nan ya kai har garinsu, bari in bi nasa a wannan karon kaɗai.

Dabarar da ta zo mini ita ce, tun da Baba Maradi yake so, in kawo masa Maradi har falo. Labarai, hotuna, wa'azin malaman can, duk abin da zai sa ya ji ya je ya dawo ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Da na gaya wa maigida, yana cikin duba takardun kayan gyaran babura da yake shigowa da su, bai ko ɗago ba ya ce, "Wato da wayar lantarki za ki ɗaure Alhaji?"

Na ce, "In ta kama har da sarƙa."

Ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Injiniya."

Ga wanda bai sani ba, burauza ita ce manhajar da ake buɗewa a shiga shafukan intanet. Ita kaɗai tana aikinta, amma akwai wasu 'yan ƙananan manhajoji da ake liƙa mata, kowace da aikinta guda, su ake kira ekistansiyon. Kamar kayan ƙamshin miya ne, ba su ne miyar ba, amma wadda ta iya sa su ta fi wadda ba ta iya ba. Ni hannuna ya faɗa a kansu ƙwarai, har maigida na cewa da ana liƙa wa mutum su, da tuni na liƙa masa mai hana minshari. Ai kuwa na taɓa sa wa tasa kwamfutar wadda ke kulle shafin ƙwallo in mutum ya daɗe a kai. Ya yi ta tsine wa masu ba mu intanet, har ya yi shirin zuwa ofishinsu, kafin dariya ta tona mini asiri.

Na sa aka ɗauko kwamfutar a baro zuwa Arras, na kafa ta a kan teburin falo, na zauna koya wa Baba riƙe linzami, abin da ake motsa kibiyar allon da shi. Hannun da ya shekara da shekaru yana auna yadi ba ya kuskure, sai ga shi ya damƙe ɗan abin nan da ƙarfi kamar zai tsere masa. Da ƙyar ya yarda cewa ba sai ya ɗaga shi sama ba in yana son kibiyar ta hau sama. Amma Baba ba ya son a ce ya kasa abu, don haka bai ɗauki lokaci ba ya iya.

Daga nan na shiga liƙe-liƙe. Ta farko mai ƙara girman rubutu ce, saboda idonsa. Wannan ba ta yi wani amfani sosai ba, don Baba ajami ya iya, boko sai lambobi. Sai na ƙara wadda ke karanta shafi da murya. Matsalar ita ce muryar da na samu ta wata Bafaranshiya ce, kuma labaran da Hausa aka rubuta su. Baba ya karkata kai ya saurara har ta kai ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan baiwar Allah ɗiyar wa ce? Hausarta ta fi ta ɗiyanki muni." Na haɗiye wannan, don gaskiya ce, 'ya'yana in sun gaishe shi da Hausa suka kai "ina kwana", sauran da Faransanci suke ƙarasawa. Duk da haka ya saba da ita, ya sa mata suna Madam, in ta yi tuntuɓe a kan wata kalma ya gyara mata da haƙuri.

Mai tuna lokacin salla kwana kaɗan ta yi. Tana kiran salla daidai kan lokaci, ladanin masallacin unguwa kuma sai ya ɗan jinkirta. Baba ya ce in cire ta. Ya ce, "Ladan abokina ne. Shekara da shekaru yana makara, ba wanda ya tona mishi asiri sai ke da injinki."

Wadda ta kusa kashe ni ita ce mai nuna yanayin gari. Na saita ta a kan Maradi, ina ganin na yi abin kirki, duk sa'ad da aka buɗe sabon shafi sai ta nuna ko rana ake yi a can ko hadari. Wata safiya na shigo na tarar da shi ya ƙura wa hoton ɗan girgije ido, ga ɗigon ruwa a ƙarƙashinsa. Ya ce, "An yi ruwa a gida. Yanzu kowa ya fita shuka." Yana shiga ɗaki na cire ta, da ya tambaya na ce ta lalace. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa mai saye da ya rantse cewa a shagon gaba an yi masa ragi.

Ban da waɗannan, na ajiye masa shafukan masu buga atamfa a wurin da zai gani ya danna, don ya riƙa kallon sababbin zane yana ɗebe kewa.

Abin mamaki, sai maganar tafiya ta ɗauke. Salla ta zo ta wuce, Baba bai ce uffan ba. In na kawo kunu sai in tarar ya riga ya yi wanka, ya sa hula, ya fesa turare, ya zauna gaban kwamfuta, har yana ce mini in ajiye a can yana da abin yi. Wayyo daɗi! Na koma Belleville ina taku ɗai-ɗai, na ce wa maigida, "Ka ga aikin wayar lantarki ko?" Ya ce shi dai bai ce komai ba. Na ce ai gara da bai ce ba.

Ana nan sai matar Yaya, wadda suke zaune gida ɗaya da Baba, ta ja ni kicin ta ce, "Auta, anya ordinatar ɗin nan ba ta tayar wa Baba da hawan jini? Kullum da hantsi faɗa yake yi da ita. Sai in ji yana cewa, 'Kai! Ina! Ka ji tsoron Allah mana!' In na leƙa kuma ba kowa."

Na je na duba, nan take na ga abin da nake zaton shi ne matsalar. Talla! Ko'ina talla. Da yake yana yawan buɗe shafukan atamfa, masu talla sun gano shi, sun yi masa caa. Ga na shadda a sama, ga na leshi a gefe, ga na takalma yana tsalle, ga na agogo, ga man zafin gwiwa, ga filaye a hanyar Bassam, har da gashin kanti. Wani ma sai ya faɗo tsakiyar shafi ya rufe komai, sai ka nemo ɗan giciyen da ake dannawa a rufe shi, wanda suke ɓoyewa da gangan. Raina ya ɓaci. Na ce tsoho da ciwon ido, ina zai iya da waɗannan marasa kunya? Dole ya yi ta faɗa.

Akwai maganinsu kuwa, kuma ita ce sarauniyar ekistansiyon duka: mai toshe talla. Na bari ya tafi sallar azahar na liƙa ta. Kai, ka ga shafi ya yi fes! Ba mai tsalle, ba mai ƙyalli, kwamfutar ma ta daina huci, shafi na buɗewa kafin ka ƙifta ido. Har yau ina nan a kan bakana, duk mai kwamfuta ya kamata ya sa ta, musamman in akwai yara a gida. Ban gaya wa Baba ba, na bar shi ya ga abin alherin da idonsa.

Washegari na zo ina jiran yabo, ban samu ba. Na tarar da shi yana ta danne-danne, ya buɗe wannan ya rufe, ya buɗe wancan. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau. Kwana kaɗan bayan haka na tarar an lulluɓe kwamfutar da ƙyalle, shi kuma ya koma kujerarsa ta da, ba hula, ba turare, yana kallon ƙofa. Na ɗauka jikin ne. Sai ga matar Yaya ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa, wai Baba ya sa an sauko masa da akwatin ƙarfensa daga saman kabad, ya kuma aika a kira tela ya rage masa riguna, shirin tafiya ke nan.

Ko gyale ban tsaya gyarawa ba na iso Arras. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, me aka yi maka? Madam ce ta ɓata maka rai?"

Ya ce, "Madam ba ruwanta. Ina mutanen nan?"

"Waɗanne mutane?"

"Masu talla. Sun bar zuwa. Na duba ko'ina, ko guda babu."

Na yi dariya, har da tafa hannu. Na ce, "Au, su? Ai ni na kore maka su, Baba. Na sa abin da ke tare su tun daga bakin ƙofa, ba za su sake damunka ba."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye carbinsa a kan cinya ya ce, "Kin kore su. A gidana. Mi suka yi miki?"

Na ce ai an ce kullum faɗa yake yi da su. Ya ce, "Faɗa? Ciniki dai! Ke ɗiyar ɗan kasuwa ce ba ki san ciniki ba?"

Nan ya ba ni labarin da na sha ji tun ina ƙarama, amma ban taɓa sauraronsa da kunnen manya ba. Lokacin da ya zo Abidjan yana saurayi ba shi da shago, ba shi da tebur. Yadi yake ɗorawa a ka yana bi gida-gida, daga Treichville har Adjamé, ba Faransanci, ba Julanci, sai ƙirga kuɗi kawai ya iya. Ya ce rashin ciniki bai taɓa yi masa ciwo ba, don kasuwa ta Allah ce. Abin da ke masa ciwo shi ne gidan da za a hango shi tun daga nesa a turo ƙofa, kafin ma ya yi sallama. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Baule da ba ta taɓa sayen ko ƙyallen ɗaurin kai a wurinsa ba, amma kullum sai ta bari ya sauke, ya baje, ta taɓa wannan ta taɓa wancan, ta ba shi ruwa, ta ce masa yako, wato sannu da rana. Ya ce a ranar da ya samu shagon kansa ya ɗaukar wa Allah alkawari ba zai taɓa korar mai talla ba. Zai bari ya gama bayaninsa, ya taya, in ba a daidaita ba ya ce masa Allah shi kawo kasuwa.

Wannan kam ni shaida ce. Gidanmu cike yake da tociloli marasa batir, da maganin ɓera, da matatai, da agogon bango da ba ya tafiya, duk na masu tallan da Baba ya ji kunyar sallama hannu wofi. Inna ta yi mita har ta gaji.

Amma ni ma ɗiyarsa ce, ban iya shiru ba. Na ce, "Baba, waɗannan fa ba mutane ba ne. Inji ne ke turo su. Ba wanda ke tsaye a rana, ba wanda ke jin ƙishirwa."

Ya ce, "Kayan na inji ne?"

Na ce a'a.

"To, wani ne ya zuba dukiyarshi ya saro, yana zaune wani wuri yana jiran mai saye. Ya aiko ɗan aike, kin tare shi a ƙofa."

Na ce rabinsu 'yan damfara ne, kowa a Abidjan ya san aikinsu, kuma suna bin sawun mutum suna leƙen abin da yake kallo. Ya ce a Adjamé ma akwai ɓarayi, bai ji an rufe kasuwa ba. Batun bin sawu kuwa, ya ce duk mai tallan da bai san abin da gidan nan ke so ba ai bai iya sana'arsa ba. Wallahi na ji haushi, don na san ina da gaskiya, amma na rasa ta inda zan kamo ta.

A gabansa na yaye ƙyallen, na kunna kwamfutar, na cire sarauniyar tawa. Suka dawo kuwa, kamar da ma a bayan ƙofa suke laɓe. Da na ba maigida labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Injiniya, garin neman gira!" Na ce ya ƙarasa karin maganar in ya isa. Bai ƙarasa ba.

Da safe na zo da wuri, na ce yau sai na ga cinikin nan da idona. Baba ya sa hularsa don ya faranta mini, muka zauna. Tallan wata shadda ya fito, da kuɗinta a rubuce da manyan lambobi. Baba ya matso da fuska ya ƙare mata kallo, ya ce, "Kai! Wannan a haka? Ka ji tsoron Allah. Wannan ko wanki biyu ba ta kaiwa." Ya taya da rabin kuɗin, ya ɗan jira, ya ƙara kaɗan, ya sake jira. Sannan ya ce, "To, Allah shi kawo kasuwa," ya lalubo ɗan giciyen ya danna a hankali. Mai takalma ya samu irin wannan karɓar. Mai gashin kanti ma an yi masa addu'a, an ce masa dai ya yi ɓatan kai. Ina gefe ina danne dariya, ina kuma jin daɗi, don a zatona an gyara ɓarna.

A kan na huɗu ko na biyar ne ya saki linzamin. Ya jingina da kujera ya ce, "Kin gani? Ba mai ragi a cikinsu. Ko albarka ba su iya cewa ba."

Na ce, "Ai na gaya maka ba sa ji."

Ya ce, "Na sani, Auta. Kin ɗauka na zare ne? Tun ran farko na sani. Amma da suna zuwa kullum, ban tsaya na yi tunani ba. Da kika kore su, gidan ya yi tsit, sai na ga kaina. Tsoho ya yi wanka, ya sa turare, ya zauna yana ciniki da gilashi." Ya ɗan yi murmushi. "Tun da na bar shago ba wanda ya ce mini 'nawa ne wannan?' Ko mutum guda. Kowa sai 'ya jiki, Baba?'"

Ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba. Duk tsawon lokacin nan ina ta kawo masa Maradi, ashe ba Maradi yake nema ba.

Ranar ban koma Belleville ba, Adjamé na wuce. Na kutsa cikin cunkoson nan da ba ka ganin ƙafarka, masu baro na ihu, masu gwanjo na jan hannunka, na hau benen ina haki, na tsaya a gaban Yaya na ce a mayar da Baba shago, ko da kujera ce a ajiye masa a gefe. Yaya ya bari na gama, abin da bai saba ba, sannan ya nuna mini matakalar ya ce, "Ke da ƙafafunki lafiya ga yadda kika iso. Goya shi za ki riƙa yi?" Na ce a nemi shago a ƙasa. Ya ce in na samo a Adjamé in zo in gaya masa, shi ma yana so. Duk da haka ya ce zai yi wa Baba maganar, kuma ya yi. Baba ne da kansa ya ƙi. Ya ce shago ɗaya ba ya ɗaukar maigida biyu, in ya zauna a can masu saye shi za su riƙa tambaya, yaron kuma ba zai taɓa zama mutum ba. Yaron da yake nufi furfura ta fara fito masa a gemu.

Baba ya ce ƙanensa yana da rumfa a ƙofar gida a Maradi, ƙasa shimfiɗe, ba bene, ba gada, daga ɗaki taku kaɗan ne. Ƙanen ya daɗe yana kiransa ya zo su zauna tare. Na kawo maganar likita, ya ce a can ma akwai masu ciwon sukari kuma ba su ƙare ba. Na kawo maganar jikoki, ya ce su zo hutu, ko Hausarsu ta miƙe. Na ce, "Ni fa, Baba?" Ya ce, "Ke kina da gidanki, kina da aikin yi. Ni ne ba ni da shi."

Wannan karon bai ce bayan Salla ba. Mu muka raka shi tasha a Adjamé, ni da Yaya da maigida, da akwatin ƙarfe, da jakar magunguna da na jera masa, da wata ƙatuwar jaka da Yaya ya cika da atamfa bai gaya wa kowa ba. Na yi niyyar ba zan yi kuka a gaban mutane ba, niyyar ba ta kai bakin mota ba. Baba ya leƙo ta taga ya ce in bar kwamfutar a Arras, kada Madam ta rasa wurin zama. Motar ta tashi ina tsaye da gyale a baki.

Da ya sauka ya kira ya ce sun isa lafiya, gajiya ce kawai. Bayan nan na ƙudura zan bar shi ya huta, amma ban iya ba. Wata ranar kasuwa da hantsi na kira shi, na shirya tambayoyina tsaf: ya sha magani, me ya ci, ƙafar ta kumbura, wa ke masa wanki. A raina kuma, Allah ya sani, ina fatan in ji muryarsa a sanyaye, in ce masa to ya dawo, ɗakinsa na nan.

Ya ɗauka, amma da ƙyar nake jin sa. Hayaniya ce ta ko'ina, babura, awaki, wata mata na magana da ƙarfi kusa da shi. Na ce, "Baba, ina kwana? Ya jiki?"

Ya ce, "Lafiya lau, Auta. A'a Hajiya, albarka! Taɓa ki ji, wannan daga Abidjan ta zo, ba irin ta nan ba ce. Ƙara dai. Auta, kina ji na? Ina da mai saye, sai an jima."

Ya kashe wayar. Baba, wanda in ya fara gaisuwa sai ya tambayi lafiyar kowa har maƙwabta, yau ko maigidana bai tambaya ba. Na zauna a bakin gado da wayar a hannu, ina jira ko zai sake kira in cinikin ya faɗa. Bai kira ba sai bayan la'asar.